Inna a Darasin Gyambon Harshe

Shekara goma sha ɗaya Malama tana koyar da cututtukan baki a makarantar likitocin haƙori, ba ta taɓa sallamar aji ƙasa da awa biyu ba. Sai ga shugaban sashe da sabon tsari: kowane darasi ya koma bidiyon minti biyar, ɗalibai su kalla a waya.

"Minti biyar? Ai ko gaisawa ba mu gama ba," in ji Malama.

Ranar Asabar da hantsi ta jingina wayarta da tulin littattafai a falo, ta buɗe hoton wani harshe mai gyambo a gefe, ta fara zuba bayani. Mahaifiyarta na kan doguwar kujera tana ɗinke maɓallin riga. Ta leƙo ta saman tabarau.

"Ke, wannan cizon harshe ne. Ya kuskure baki da ruwan gishiri."

"Inna, ɗauka fa nake yi."

"To ɗauki mana, na riƙe miki hannu ne?"

Malama ta juyo. "Cizo yakan warke cikin mako biyu. Wannan watansa uku, gefensa ya yi tauri, kuma ba ya zafi."

"Ba ya zafi? To da sauƙi."

"Nan ne ma abin tsoron, Inna. Dole a ɗebi ɗan nama a kai gwaji."

Inna ta soke allura a hannun kujera. "Da haka kika ce tun farko, da tuni an tashi."

Malama ta duba waya: minti huɗu da rabi. Ta so ta sake ɗauka, baƙi suka yi sallama, ba su tafi ba sai la'asar. Haka ta tura wa ɗalibai bidiyon, kunya kamar ta nutse.

Ranar Litinin tana shiga aji aka ɗauki tafi.

"Malama, yaushe Inna za ta yi mana darasin kumburin dasashi?" wata ɗaliba ta tambaya daga baya.

A gwajin makon, mutum biyu kacal suka kasa amsa tambayar gyambo. Daga nan Inna ta samu kujerarta a gefen waya. Takan ɗaura sabon ɗankwali, ta hana kowa kunna famfo, ta musa duk abin da bai shige ta ba.

Bayan darasi na tara, malamin da ke koyar da ƙashin muƙamuƙi ya zo har gida, yana murza hula, wai a ara masa Inna.

"Ba a ara," in ji Malama.

"Wa ya tambaye ki?" in ji Inna. Ta dubi baƙon. "Ɗana, Talata ba ni da komai. Ka zo da hotuna masu haske, nata duk duhu ne."