Gurasar Uwar Addu'a

"Inna, Fasto ya ce ki zo da gurasar yau, wai kar a jira Lahadi."

Mai Burodi ba ta ɗago daga kwaɓin da take murzawa ba. 'Yar maƙwabciyarta ce tsaye a ƙofar kicin, babbar mace mai 'ya'ya, amma idanu sun kumbura kamar na yarinyar da ta sha duka.

"Jikin ne?"

"Likita ya ce mu dawo da ita gida. Ita kuma ta ce Jibin Ubangiji take so."

"To, je ki. Ina nan tafe."

Katanga ɗaya ta raba gidajen biyu, gajera ce ma, har ana miƙa gishiri ta kanta. Wadda ke kwance a bayan katangar, duk unguwa Uwar Addu'a suke ce mata, kuma ba a banza ba. In yaro ya yi zazzaɓi ita ake kira kafin likita, in kuwa ta durƙusa sai gwiwar kowa ta yi tsami kafin a ji amin. Mai Burodi ita ke gasa gurasar Jibi ta cocinsu, wadda ake raba wa masu bi su ci don tunawa da Ubangiji, tun tana amarya. Tana gasawa, tana kaiwa, amma shekara da shekaru ba ta sa ta a baki ba. In faranti ya zo gabanta sai ta miƙa wa na kusa. Mutane sun ɗauka tsabar tawali'u ne. Mutane dai!

Ɗanta tilo ne ya kwanta ciwon ƙoda yana saurayi. Ta yi azumi har zane ya daina zama a ƙugunta, ta roƙi Allah da kuka, da lallashi, har da ciniki. Duk da haka ya mutu. Ranar da aka binne shi, mata cike da tsakar gida, Uwar Addu'a ta kama hannunta, ta ce da wannan muryar tata mai taushi, "Ƙanwata, Allah ba ya ƙin addu'ar mai bangaskiya. Ki binciki zuciyarki." Mata suka gyaɗa kai, wata ma har da amin.

Tun ranar ta tsani matar nan. Kullum suna gaisawa ta katanga, a yi dariya, ta ciki na ciki. Ta san mai ƙullaci ba ya zuwa teburin Ubangiji, don haka ta roƙi Allah ya cire mata abin daga zuciya. Wannan addu'ar ma ta bi sahun ta farko.

Ta gasa 'yar gurasa guda, ta naɗe a farin ƙyalle, ta zagaya. A falo matan coci suna waƙa ƙasa-ƙasa. Ɗakin marar lafiya na warin magani da fitsari, ga roba a ƙarƙashin gado, ga kwalbar man shafewa ta kusa ƙarewa, fanka na juyawa tana ƙara. Fasto bai iso ba tukuna. 'Yar ta fita ɗebo ruwa, aka bar su su biyu.

Uwar Addu'a ta ƙare, sai ido da ƙashi. "Ƙanwata, ke ce? Tun daga ƙofa na ji ƙamshin."

"Ni ce, Yaya."

Ta gyara mata matashi, ta goge mata gefen baki. Sannan ta kama hannunta, daidai yadda aka kama nata a waccan rana, ta sunkuya kusa da kunnenta.

"Yaya, duk coci na azumi saboda ke, ga shi ba sauƙi. Allah ba ya ƙin addu'ar mai bangaskiya. Ki binciki zuciyarki."

Daɗi ta ji, babu amfanin ɓoyewa. Daɗi har tafin ƙafa. Ta tsaya tana jiran matar ta gane maganarta, kunya ta rufe ta, ta ce ki yafe mini. Da ta faɗa, wa ya sani, wataƙila da an yafe. Amma Uwar Addu'a ba ta gane komai ba. Ashe maganar da Mai Burodi ta kwana ta tashi da ita shekaru, mai ita ta manta da ita tun kafin a naɗe tabarmin makoki.

Idanun marar lafiyar suka firfito don tsoro, ta damƙe hannun. "Ke ma kin gani ko? Kowa sai ya ce mini zan warke. Ke kaɗai kika faɗa mini gaskiya." Ta tsaya ta ja numfashi. "Na bincika, ƙanwata. Na bincika har na gaji, ban samo ba. Me na yi? Ke ce ta kusa da ni. In kin sani, don Allah gaya mini in tuba."

Amsar na kan harshen Mai Burodi. Magana ɗaya ce, da ta faɗa da an yi kuka, an yafe, su biyun sun ci gurasar nan tare. Ta ga haka sarai, ba wai bai zo mata ba. Sai ta tuna matan da suka gyaɗa kai.

"Ni ina zan sani, Yaya? Tsakaninki ne da Allahnki."

Fasto ya shigo yana share gumi, da ƙaramin ƙoƙo a hannu, 'yar na biye. Ya yi addu'a, ya kakkarya gurasar, ya kai gutsure bakin marar lafiya. Ta datse leɓe.

"Mama, ga abin da kika roƙa," in ji Fasto.

"Ban isa ba. Akwai abin da ke tsakanina da Allah."

"Haba Mama, ai don irinmu masu zunubi aka ba da Jibin. Buɗe bakin."

"Mama, don Allah!" in ji 'yar, ta faɗi a gwiwa. "Ke da kika koya wa kowa addu'a? In ke ba ki isa ba, wa ya isa?"

Uwar Addu'a ta juya fuska bango. Fasto ya dubi Mai Burodi, ya ce, "Mama, aminiyarki ce. Yi mata magana, za ta ji taki."

Mai Burodi ta dubi ƙeyar da ke kan matashi, furfura ta manne da gumi. "Ku bar ta," ta ce. "Ta gaji."

Da yamma tana fitar da burodi daga tanderu ihu ya tsallako katanga. Daga baya matan suka ce har rai ya fita leɓen Uwar Addu'a na motsi, tana lissafa laifuffuka, na ƙuruciya ma, tana cewa ba shi ba ne, ba shi ba ne. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, amma ba a faɗi wanda take ƙonawa ba. Mai Burodi ta lalubi daɗin ɗazu a ƙirjinta, ta tarar ba ya nan. Ƙullacin kuwa yana wurinsa, sai dai yanzu babu wadda za ta ce mata yi haƙuri.

Bayan an binne, 'yar ta leƙo kicin da farin ƙyallen a hannu.

"Inna, ga kayanki. Allah ya saka, ke kika zauna da ita a ƙarshe. Me ta ce miki da na fita?"

"Ba komai, 'yata. Gaisawa muka yi."

Da ta tafi, Mai Burodi ta warware ƙyallen. Gutsuren da Fasto ya karya na ciki, ya bushe, da ɗan tabo inda ya taɓa leɓe. Ta kai shi bakin kwandon shara ta kasa saki. Ta ɗaga shi kusa da bakinta, nan ma ta kasa. Sai ta fita tsakar gida ta ajiye shi a kan katanga.

Kafin rana ta yi sanyi tururuwa sun same shi. Ta tsaya, fulawa har gwiwar hannu, tana kallo suna ɗiba ƙwaya-ƙwaya, suna gangarawa da shi ta wancan gefen.