Babur ɗin Auta

Bakaniken yana durƙushe yana gyaran kabireta sai ya ji wani rugugi mai kauri, irin wanda bai taɓa ji a layinsu ba. Ƙaninsa ne, Auta mai shagon magani, bisa wani jan babur dogo kamar ingarma.

"Yaya, daga Italiya aka kawo shi," in ji Auta yana cire hular kwano. "Silinda huɗu ne, giya shida. Tankin lita talatin yake ci."

"Lita talatin? Ashe gidan mai za ka koma da zama."

Auta ya yi dariya, ya nuna masa allon da ke gaba mai kamar fuskar waya, da akwatunan ƙarfe biyu na kaya, da birkin da ba ya ƙwace taya ko kan yashi. Duk abin da ya nuna sai bakaniken ya samo masa aibu: ya cika nauyi, ina za a samu kayan gyaransa, wa zai iya tayar da shi in ya faɗi. Amma hannunsa bai bar kan tankin ba, shafa shi kawai yake yi.

Ana cikin haka Baba ya fito daga shagon aski da sandarsa. Shekara da shekaru tsohon ba ya yarda bakaniken ya goya shi, wai ciwon baya. Ya zagaya babur ɗin, ya danna kujerar baya da yatsa.

"Auta, wannan ai katifa ce. Kai ni ƙarshen layi mu dawo."

Bakaniken da kansa ya tallafa masa ya hau. Ya tsaya riƙe da sandar yana kallon su har suka sha kwana. Da suka dawo Baba na ta dariya kamar yaro, hularsa a hannu.

Auta ya miƙo makulli. "Ɗana shi mana, Yaya. Kai ne ka san injin."

Zuciyarsa ta ce karɓi. Sai ya ga makanikan garejin duk sun zuba masa ido.

"Aiki ya yi mini yawa," ya ce.

Suka tafi, Baba a baya. Bakaniken ya koma kan tsohon babur ɗin da ke gabansa, ya kama wani noti da sifana yana ɗaurewa, bai sassauta ba sai da ya tsinke.

Mai babur ɗin ya leƙo. "Maigida, lafiya?"

"Notinka ne ba shi da kyau," in ji bakaniken. "Ka dawo gobe."