Tsaga a Gonar Mahmudu

A shekarar 1976 manyan motoci suka yi wa iyakar Jibiya yawa, har ya zama masu siminti da masu shinkafa na yin kwana uku a bakin titi suna jiran takarda. Sai aka ba wani ɗan kwangila, Alhaji Uwaisu, aikin yi musu filin tsayawa kusa da shingen kwastan. Wurin tudu ne, don haka katafila ta yi wata biyu tana cin gefensa. Da ta gama, ta bar gangare mai tsayin ƙafa talatin a arewacin filin, ja wur, a miƙe kusan kamar bango.

Lawwali shi ne injiniyan ƙasa da aka turo daga Kaduna ya duba aikin. Asalinsa mutumin garin Kusa ne, shekararsa talatin da ɗaya, ba shi da yawan magana, kuma ba ya son a tsaya masa a ka idan yana awo. Ya sa aka haƙa ramuka huɗu a kan tudun. Ƙafa goma sha biyun farko jar ƙasa ce mai tsakuwa. Ƙarƙashinta kuwa yumɓu ne mai launin toka, wanda a rani sai da diga ake fasa shi. Ya jefa curi guda a kwanon ruwa da safe, kafin la'asar ya koma sulɓi kamar sabulu. Ya kuma lura shimfiɗar yumɓun ba a kwance take ba, ta karkata ne zuwa filin.

Ya aika samfurin ƙasar zuwa Kaduna aka matsa ta a na'ura, aka aiko masa da iyakar nauyin da take ɗauka kafin ta goce. Daga nan ya zauna a ɗakin da ya kama a bayan kasuwa. Zai zana gangaren a takarda, ya ja baka da kamfas ta inda ƙasa za ta iya zamewa, ya yanka abin da ke bisa bakan gida goma, ya lissafa ƙarfin da ke tura kowane yanki da wanda ke riƙe shi. In ya gama, ya matsar da tsinin kamfas ya sake. Kwana goma sha ɗaya yana wannan. A rani, riƙo ya fi turi da kusan rabi. Amma in yumɓun ya sha ruwa, turi ne ke rinjaya.

Bakan da ya fi haɗari ya ɓullo taku ashirin bayan bakin gangaren. Lawwali ya hau tudun ya taka da ƙafarsa. A taku na goma sha biyu ya wuce turken simintin iyaka. Sauran takwas ɗin ƙasar Nijar ce, gonar wani dattijo mai suna Mahmudu.

Ya gaya wa Alhaji Uwaisu hanya biyu ce: ko a kwantar da gangaren baya, ko a jibge duwatsu a gindinsa su danne shi. Alhajin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ta farko ba mai ikon sa katafila a ƙasar wasu sai manya sun yi magana da manya, ta biyu kuma za ta cinye sulusin filin da aka ce ya miƙa cikakke. Ya ce zai rubuta wa manya. Lawwali ma ya rubuta nasa rahoton, ya aika. Har ruwan farko ya sauka ba amsa.

Mahmudu tsohon mai haƙar rijiya ne, mahaifiyarsa 'yar Riko ce a ɓangaren Nijeriya. Da Lawwali ya same shi yana sharar gona ya yi masa bayani, dattijon bai nuna mamaki ba. Ya ce ya taɓa soma rijiya a wurin, ya bar ta saboda yumɓun na matse ramin kafin a ɗaure shi.

"Ƙasag ga ba ta da riƙo, Mushe," in ji shi, yana kiransa yadda ake kiran ma'aikaci a Nijar. "Amma ita ce gare ni. Gero zan shibka."

Ya dai yarda Lawwali ya kafa turaku jeri biyu a gonar, jandarman da ke shingen Nijar ma ya ce ba ruwansa da turken icce. Tun daga nan kullum da sassafe Lawwali zai tsallaka da tef ɗinsa ya auna tsakanin turakun ya rubuta. A watan Yuli tsaga ta bayyana tsakanin kunyoyi, siririya kamar zare. Ya ce wa Mahmudu ya riƙa liƙe ta da laka don kada ruwa ya bi, dattijon ya yi ta liƙewa tana sake buɗewa. Farkon Agusta yatsa na shiga. Bayan ruwan kwana uku a jere, turakun suka rabu da inci biyu daga safiya zuwa azahar.

A lokacin direbobi sun riga sun soma amfani da filin, ko da yake ba a zuba kwalta ba, kuma gindin gangaren suka fi so saboda inuwa. Lawwali ba shi da ikon rufe wurin. Ya je wurin babban kwastan da shugaban direbobi, ya nuna musu littafin awonsa. Kafin magariba aka janye mota goma sha tara zuwa bakin titi, aka sa mai shayi da masu tuwo suka kwashe rumfunansu.

Sai gari ya washe. Kwana biyu rana na dukan gangaren, yana nan yadda yake. Direbobi suka yi ta guna-guni, wasu na nuna Lawwali da baki idan ya wuce. Alhaji Uwaisu ya zo daga Katsina ya same shi a kan tudu.

"Injiniya, in bai faɗi ba fa?"

"To na yi kuskure ke nan, Alhaji, kuma zan rubuta haka da hannuna."

Rana ta uku da hantsi, ba ko gajimare, gangaren ya taho. Bai yi wata ƙara mai yawa ba, sai wani gurnani kamar ana jan buhu a kan daɓe. Bakin tudun ya nutse a hankali, gindin ya kumbura ya turo gaba, ya ci gaba da tafiya kamar tsawon shan shayi kofi guda, sannan ya tsaya. Ƙasa ta rufe inda motocin suka saba tsayawa. A bisanta ga geron Mahmudu, da yawansa a tsaye, ya sauko cikin Nijeriya tare da turken iyaka. Ba wanda ya ji ciwo.

Mutane suka zo suna yi wa Lawwali sannu, har da waɗanda suka zage shi. Shi kuwa abin da ya dame shi daban ne. Ya hau ya auna, ya ga ƙasar ta yanke a taku ashirin da uku, ba ashirin ba. Yumɓun ya fi yadda ya ɗauka laushi. Da ya bar motocin da ke layi na biyu daga gindin gangaren kamar yadda ya so yi da farko, da ta cim musu. Ya rubuta wannan a rahotonsa ba tare da ya sassauta ba.

Ya tarar da Mahmudu zaune kusa da sabon bakin ramin, rubu'in gonarsa ya tafi. Ya yi masa jaje. Dattijon ya tambaye shi ko sauran ma za ta bi. Lawwali ya ce wannan daminar da wuya, amma in ba a danne gindin ba kafin baɗi, za ta ƙara cin taku biyar ko shida.

Da kaka Mahmudu ya zagayo ta shinge ya yanke geron da ya rayu a ƙasa, ma'aikatan ɓangarorin biyu suka bar shi ya wuce da dammunansa. Da rani tifofi suka yi ta kawo duwatsu daga wajen Farfaru, aka jera su a gindin gangaren, aka yi magudanar ruwa a sama. Filin da aka buɗe ya ɗauki mota arba'in maimakon sittin. Lawwali bai ga buɗewar ba, don an riga an mayar da shi aikin wata gada a hanyar Funtuwa.