Jarka a Kan Daeng Nompo

Iska ta ɗauke musu cak a mashigar tekun Selayar, ƙyallayen da ke tura jirgin ruwansu suka saki jiki kamar shanya. Igiyar ruwa kuwa ba ta tsaya ba, sai jan su take zuwa duwatsun hannun hagu. Daeng Nompo, tsohon da ke kula da injin, ya tayar da shi. Injin ya yi tari uku ya mutu.

Ya buɗe famfon gindin tanki ya tara kwalba. Rabi ruwa, rabi dizal!

Dama ya faɗa. Man da aka sayo a tsibiri sai duro ya kwana ya kwanta, sannan a tace da tsumma. Amma Sangkala, mijin 'yarsa, sabon shiga tuƙi, ya ce sauri suke, a juye kawai. Ran tsohon ya ɓaci matuƙa, don shekara talatin ke nan jirgin nan yake ciyar da gidansu.

"Baba, yaya dai?" Sangkala ya ƙwala daga sama.

"Yaya dai ƙaniyarka! Shayi ka ba injina. Riƙe sitiyarinka!"

Akwai jarkar dizal ɗaya da tsohon ya tace da hannunsa. Ya zare tiyo daga tanki, ya zura a jarkar, ya fitar da iskar bututu. Sai dai man ba ya gangarowa sai jarkar tana sama da injin, ga shi babu lokacin neman igiya. Ya ɗora jarkar a ka, ya riƙe da hannu bibbiyu, ya tokare ƙafa da katako. Mai dafa musu abinci ya sauko ya murɗa injin. Ya kama.

Zafi, hayaƙi, dizal na tsiyaya ta wuyan tsohon. Jirgin ya karkata, shi ma ya karkata. Kafaɗunsa suka fara rawa, ya cije leɓe. Wallahi ko zai mutu a tsaye, jarkar nan ba za ta sauko ba.

Sai da rurin ruwa a kan duwatsu ya koma bayansu Sangkala ya sauko, kansa a ƙasa.

"Mun wuce, Baba. Ka yafe min."

"Yafiya sai ka kwashe tankin nan tas da hannunka," in ji tsohon. Muryarsa ta yi ƙasa. "Zo ka sauke min, ɗana. Hannuwan sun ƙi buɗewa."