Haihuwar Buta

Kai da ka zo bikin yaye ɗalibai, ka tsaya gaban kabad ɗin gilashin nan kana "ma sha Allah", ai ka ga kwaɗon da ke jikinsa. Ka gani, ka kau da kai. To, saurara.

Lokacin da muke karatu, a cikin kabad ɗin akwai mace mai ciki ta roba, da jaririnta na roba, waɗanda aka kawo don ɗaliban ungozoma su koyi karɓar haihuwa. Amarya muke kiranta, don shekara bakwai ba ta fita daga ledarta ba. Makullin yana jakar Shugabar makaranta. Duk wadda ta roƙa, amsar ɗaya ce: "Da waɗannan hannuwan naku na faskare? Ku lalata min ita, in baƙi sun zo in nuna musu me?"

Sai muke koyo da matashin kai biyu da buta. A cusa butar tsakanin matasan, wata ta tsaya daga baya tana nishi, wata ta laluɓo mariƙin ta jawo a hankali. Ƙawata Gajeriya ta fi kowa iyawa. Amma ta taɓa faɗuwa jarrabawa sau ɗaya, in ta sake sai gida.

Ranar jarrabawar gwaji, wata dattijuwar ungozoma mai tabarau ta zo daga hukuma. Ta nuna kabad ta ce, "A fito da ita."

Shugaba ta buɗe kwaɗon kamar ana cire mata haƙori.

Gajeriya ce ta farko. Ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta gaida Amarya da ladabi, ta sa hannu. Ta yi ta lalube. Gumi ya karyo mata.

"'Yata, me kike nema?" in ji dattijuwar.

"Mama, mariƙin."

"Mariƙin me?"

"Na jaririn. Ban ji shi ba."

Dattijuwar ta sauke tabarau. "Shekara talatin ina aikin nan, ban taɓa karɓar mai mariƙi ba. Kama kan ki jawo."

Gajeriya ta kama ta jawo. Robar da ta shekara bakwai tana gasuwa a gilashi ta ce ɓas! Kan ya taho, sauran jaririn ya zauna abinsa.

"Ta kashe min shi!" Shugaba ta ɗora hannu a ka.

Dattijuwar ba ta ko dube ta ba. "Da me kuke koyo?"

Ni na ruga na kawo matasan da butar. Na yi nishi, Gajeriya ta tare da hannu ɗaya, ta duba ko igiyar cibiya ta naɗe wuya, ta juya kafaɗa, ta fito da butar, ta goge ta, ta ɗora ta a ƙirjin matashi. Dattijuwar ta daɗe tana kallo.

"Hannunki ya iya, abin kamawa ne ba a ba shi ba. Kin ci. Ke kuma Shugaba, biyo ni ofis."

Bayan wata biyu aka kawo sabuwar Amarya. Yanzu haka tana cikin kabad, da ledarta, da sabon kwaɗo wanda ya fi na da girma. 'Yan aji ɗaya suna can da buta.

Wata rana ɗayansu ce za ta tsaya kan matarka ko ƙanwarka. Gobe ka koma makarantar, ka tsaya gaban kabad ɗin, kada ka motsa sai an buɗe kwaɗon an yage ledar.