Kujerar da Ta Manne

Mai hatimi bai taɓa sassaƙa komai ba sai sunayen shaguna, har ranar da yayarsa, wadda ke aiki a masaƙa, ta zo rumfarsa ta dire masa guntun roba a kan tebur.

"Rabin mutanenmu ba sa karatu," ta ce. "Takardun ƙungiyar ma'aikata sai dai a kunna wuta da su. Hoto nake so. Shugaban ƙasar nan, kujerar mulki ta manne masa a baya."

Ya waiga hagu da dama. "Yaya, ke kam ba za ki bar ni in tsufa ba."

Amma ya ɗauki aska. Ya fitar da ƙaton mutum yana tafiya a duƙe da kujera manne a ɗuwawunsa, talakawa sun kama ƙafafunta suna ja. A ɗakinta suka shafa tawada, suka danna takardu da bayan cokali, suka shanya a igiyar wanki.

Kafin mako hoton ya kai ƙofar masaƙa, da bayan motocin haya, da bangon kotu. Mutane na tsayawa su yi dariya, su wuce da sauri. Wasu suka fara kwaikwayonsa da gawayi.

Shi kuwa zama ya gagare shi. Ya kankare tawadar da ke farcensa da kananzir har ya yi jini. Ya buɗe rumfa, ya rufe, ya sake buɗewa. Wani ɗan sanda ya tsaya a gabansa, ashe hatimi yake so na shagon matarsa.

Aka kama Yaya a bakin masaƙa da damin takardun a jaka. Mai hatimi ya kai mata abinci, aka kore shi.

"Ka ƙona robar nan," in ji matarsa. "Muna da yara."

Ya ƙona. Ya yi ta zagaya tsakar gida, hannu a baya, daga baya ya yanko wata robar, ya soma fitar da fuskar yayarsa. Matar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauko cokali.

Ma'aikata suka ɗaga hoton fuskar a tituna, masaƙa ta tsaya cak, har aka gaji aka sako Yaya. Shugaban dai yana nan kan kujerarsa. Ta dawo a rame, tana ɗingishi, ta karɓi takarda ɗaya ta duba.

"Wa ya ce ka ƙara min hanci?"