Sharar Gidan Tela

Ni kaɗai na rage a layinmu cikin mutanen da. Gidajen suna nan, har sun fi da kyau, an yi musu fenti, an sa ƙofofin ƙarfe masu sheƙi, amma ba kowa a ciki. Masu su suna can manyan birane. Sai lokacin hutu ka ga mota ta tsaya, an sauke akwatuna, an kwana biyu, an ja ƙofa an tafi. Ko gaisuwa ba ta haɗa mu.

Jiharmu ƙarama ce. Kogi ta nan, duwatsu ta can, filin sabon gini ya ƙare tun ina da sauran ƙarfi. Da can ba wanda ya damu da mu. Sai ga shi wai yanzu mutum yana iya zama a ɗaki da kwamfuta ya yi aikin ofishin da ke wata uwa duniya. To shi ke nan, suka gano mu. Wai garinmu shiru, wai iskarmu mai daɗi ce. Mutum ya sayar da ɗan akurkin ɗakinsa na birni, ya zo nan ya sayi gida sukutum har da canji. Wanda ya saya ba ya sayarwa, wanda ya gada yana jiran farashi ya ƙara hawa. 'Ya'yan da muka haifa a nan kuwa sai dai su tattara su bar jihar.

Haka Auta ta tafi. Ita ce 'yata ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce, mijinta malamin makaranta. Suna haya a jihar da ke maƙwabtaka da mu, su da yara a ɗaki biyu. Tun da babanta ya rasu take fama da ni in koma wurinsu. In koma ina? In kwana a falo kamar baƙuwa? Na ce ba inda za ni. Sai ta ce, "To Mama, mu za mu dawo."

Gidan da suka sa wa ido shi ne na Tela, wanda katanga ɗaya ta raba mu. Tela ya rasu da daɗewa, matarsa ta bi shi, 'ya'yan suka watse, ba mai leƙowa. Ciyawa ta kai ƙugu a tsakar gida, kwata ta toshe, ƙofar gaba ta yi tsatsa, ga tulin ganye da ledoji a bakinta. Dillali ya sha kawo masu saye, amma daga cikin mota suke leƙawa su ce a ja. Shi ya sa duk layin nan gidan ne kaɗai farashinsa bai tashi sama ba. Surukina ya zo ya duba, ya ce, "Mama, wannan ne kawai ƙarfinmu zai kai. In banki ya sakar mana rance ƙarshen wata, mun shiga."

A gabana dillali ya ba shi hannu. "Ai an gama magana," in ji shi. "Mama uwata ce, wa zai shiga tsakani?"

Ni kuwa da na ji an gama, sai na ɗauka an gama.

Washegari da safe na tsaya ina kallon gidan nan, raina ya ƙi kwanciya. Jikokina za su shigo cikin wannan ƙazanta? Ina raye? Akwai 'yar ƙofa a katangarmu, wadda ni da matar Tela muke miƙa wa juna gishiri da wuta ta cikinta. Na tura ta da kafaɗa ta buɗe. Na ɗauko laujen marigayi maigidana na fara da ciyawa. Bayana ya yi ta ƙara kamar tsohon gado, ban kula shi ba. Na kwashe ganye, na yashe kwata da sanda har ruwa ya wuce. A ɗakin Tela na tarar da 'yar kwalbar man keken ɗinki a kan taga, na ɗiga wa ƙofofi suka daina kuka. Na wanke tagogi, na goge tsatsar ƙofar gaba da yashi, na shafa ragowar farar ƙasa a bangon zaure. Tsofaffin zannuwana na yanka na yi labule. Har tukwanen furannina na kwaso na jera a bakin ƙofa.

Wallahi rabon da in ji daɗi irin na kwanakin nan tun maigidana yana da rai. Ina shara ina magana ni kaɗai: nan Auta za ta sa gado, nan yara za su yi ta ɓarna ina korarsu. Da yamma in koma gida in ci abinci, har in manta ban kunna rediyo ba. Ban gaya wa Auta ba, so nake ta zo ta gani ta riƙe baki.

Ina ba furanni ruwa wata safiya sai ga wani saurayi da matarsa suna tafe a ƙasa, suna kallon gidaje. Ya rusuna har ƙasa ya gaishe ni. Kai, an daɗe ba a yi mini irin wannan gaisuwa a layin nan ba! Na fito musu da kujeru, na kawo ruwa mai sanyi.

"Mama, gidanki ne wannan? Ya yi kyau," in ji matar.

Sai bakina ya buɗe. Mutumin da ya yi wata da watanni ba mai ce masa ya kwana, in ya samu mai saurare ai ba ya tsayawa. Na ce musu famfon ɓangaren nan ba ya ɗaukewa ko da rani. Na ce Tela da kansa ya tsaya aka buga bulon, ba irin na yanzu ba da za ka murje da hannu. Na ce kwano ɗaya ne kawai yake yoyo, shi ma ƙusa ce ta fita. Har ciki na shigar da su, na nuna musu yadda hasken safe yake faɗowa kicin.

"Na sayarwa ne?" mijin ya tambaya.

"An riga an yi magana, ɗana. 'Yata ce za ta shiga."

"Allah ya sanya alheri," in ji shi. Ya ɗauki hoto da waya, suka yi godiya suka tafi. Har addu'a na bi su da ita.

Ba a yi sati ba Auta ta kira, muryarta a dushe. "Mama, dillali ya ce an fasa. Wai magada sun ninka kuɗin, kuma har an samu wanda ya biya."

Na yafa mayafi ko takalmin kirki ban tsaya nema ba. Ofishin dillali ɗan shago ne a bakin kasuwa, fanka tana kaɗa hotunan gidaje da aka manna a bango. Na tarar da shi yana shan shayi.

"Kai, ba a gabana ka ba da hannu ba? Ba kai ka ce ni uwarka ce ba? Haka kake yi wa uwarka?"

"Mama, zauna mana."

"Ba zan zauna ba!"

Ya juyo mini da wayarsa. Ga gidan Tela fes, ga labulena, ga furannina, har da gefen bokitina. "Yaron nan ya zo mini da wannan hoton ya ce ko nawa ne yana so. Ni ɗan aike ne, dole in gaya wa masu gida. Da suka gani suka ce ashe haka gidan ubansu yake, ni nake ce musu kango ne? Saura kaɗan su ce na cuce su." Ya ajiye kofi. "Shekara da shekaru ina kai mutane, ko saukowa ba sa yi. Mama, don Allah wa ya gyara gidan nan?"

Na tsaya ina kallonsa. To shara laifi ce? A ce mace ta ga ɗakin da 'yarta za ta kwana cike da kashin ɓera ta naɗe hannu? Na juya na fita.

Da na gaya wa Auta, ko tsawa ba ta yi mini ba. Da ma ta yi mini faɗa, da na samu abin riƙewa. Sai cewa ta yi, "Ba komai Mama, ba rabonmu ba ne. Ki shafa magani a bayan naki." Surukina ya sabunta hayarsu a can. Sun duba ko'ina a jihar nan, ba sauran gidan da za su iya taɓawa.

Bayan an gama takardu saurayin ya dawo, ya rusuna kamar wancan karon, amma bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce aikinsu ba zai bar su su tare yanzu ba, sai dai ƙarshen shekara su riƙa leƙowa. Ya miƙo mini makulli da hannu biyu. "Mama, ba wanda ya san gidan nan kamarki. In ba damuwa, ki riƙa duba mana shi."

Na so in jefa masa shi a fuska. Na karɓa.

Jiya ina cikin gidan Tela ina goge ƙurar taga Auta ta kira. Muka gaisa, na tambayi yara, ta ce suna makaranta. Can sai ta ce, "Mama, kina ina ne? Na ji muryarki tana amsawa kamar ɗakin ba kaya."

"Ina gida," na ce mata.